Hannun da Na Ɗaure a Horo Birni

Ɗana na fari da ɗan yayana taubasai ne, kuma tun suna ƙanana gaisuwarsu zagi ce. Mu muna Bodinga, su suna Horo Birni, amma ba a yin wata ba su haɗu ba. Ni kuwa ba na kiran sunan ɗan farin nan. Ba na zama inda yake cin abinci, in an yabe shi a gabana sai in sunkuyar da kai. Haka na tarar uwata tana yi wa yayana, haka ni ma na yi.

Akwai wani katun, wato fim ɗin zane, na 'yan leƙen asiri, na ban dariya, da ake tura wa samari a waya a shagon caji na bakin tasha. Ban taɓa zama na kalla ba, amma mai tsintar shinkafa a tsakar gida tana jin abin da ya ishe ta. A ciki akwai wani dogo mai fankama, duk aikin da aka ba shi sai ya ɓata, a ƙarshe kuma shi ake yabawa. Akwai abokin aikinsa, gajere mai tumbi, wanda ke ɗaukar masa jaka, dogon yana marinsa a ƙeya duk sanda abu ya lalace. Ɗana dogo ne siriri. Ɗan yayana gajere ne kakkaura, ɗaga buhunan albasa ya cika masa kafaɗu. Sai kowa ya san nasa. Duk haɗuwa ɗana zai kai masa tafi a ƙeya ya ce, "Ɗauko jaka." Jama'a su yi dariya, shi ma ya yi. Daga baya na lura dariyarsa ba ta wuce haƙora.

Ƙarshen zangon katun ɗin ya fito a makon da muka je sunan jikar yayana. Gajeren ne ya harbe dogon a kan rufin jirgin ƙasa, ya faɗa kogi, shi kuma ya je ya haye kujerar shugaba ya ɗora ƙafafu kan tebur, hoton ya ɗauke. A motar da muka shiga ba a yi wata hira ba sai wannan. Wani saurayi ya ce dogon yana sanye da rigar da harsashi ba ya hudawa, zai dawo. Na kusa da shi ya ce masu abin sun gaji da shi, zango na gaba na gajeren ne. Ɗana yana gaba kusa da direba, yana karanto maganganun mutane daga waya, waɗanda suka rantse za su goge katun ɗin in har aka bar maci amana a kan kujera. Na waɗanda suka goyi bayan gajeren kuwa tsallakewa yake yi. Ni ina baya ina lazimi, ina mamakin yadda zane ke ɗaga wa masu gemu jijiyar wuya.

Bayan azahar maza suna zaune a rumfa kusa da turken shanu. Na ɗauko ƙwaryar fura zan miƙa ta bakin zana, sai na ji muryar ɗan yayana.

"To dogo, yaya ruwan kogi? Da sanyi?"

"Kai dai jira zango na gaba," in ji ɗana. "Tasowa za shi yi, ka koma ɗaukar jakarka."

"Ba shi tasowa. An gaji da shi, kamar yadda anka gaji da kai."

Ɗana ya yi dariya, ya kai masa tafin nan na ƙeya. Wannan karon ɗan yayana ya cafke hannun, ya murɗe shi, ya ɗaga shi gaba ɗaya ya maka da ƙasa. Na ji ƙarar bayansa har cikin ƙirjina. Maza suka kwashe da dariya.

"Ku ƙyale su, taubasai na," in ji wani dattijo.

Yayana ma yana dariya, hularsa a gwiwa. "Wasansu na. Wanda yaf faɗi shi ka sayen goro."

Amma ni ina ganin fuskar ɗan yayana daga inda nake, kuma babu wasa a cikinta. Ya haye ƙirjin ɗana, ya danne hannuwansa da gwiwoyi, ya fara dukan fuskarsa. Duka yake yi kamar mai sussukar gero, ɗaya bayan ɗaya. Kan ɗana yana bugun gindin turke, saniyar da ke ɗaure tana ja da baya tana fizgar igiya. Leɓensa ya fashe, jini ya gangara cikin kunnensa. Da farko yana shure-shure yana zagi. Can sai zagin ya tsaya, ƙafafun suka rage motsi.

Mazan suna ganin bayan ɗan yayana ne kawai, suna ta yi masa kirari. Mata sun taru a bayana, kuma na san ba faɗan kaɗai suke kallo ba, har da ni. In na yi ihu saboda ɗan fari, za a riƙa ba da labarin a kowane suna har in mutu. Wannan da sauƙi. In na fita na ce ɗan yayana zai kashe mini ɗa, a gidan yayana, ranar sunan jikarsa, to wasa ya ƙare ke nan, magana ta zama ta gida biyu. Ina tsaye da ƙwarya, bakina yana innalillahi, ƙafafuna sun ƙi gaba sun ƙi baya.

Sai ɗan yayana ya ɗaga hannu zai sake kai duka, na ga bayan yatsunsa a tsage, haƙoran ɗana sun yanke shi, fata ta buɗe jini yana bin gwiwar hannunsa.

Ban san inda na ajiye ƙwaryar ba. Na ratsa tsakiyar maza, abin da ban taɓa yi ba, na kama hannun nan da hannuwana biyu.

"Ɗana, ka ji ciwo," na ce wa ɗan yayana. "Dubi hannunka. Tashi mu tafi ciki."

Ya fizge, ƙarfinsa ya kai ni ƙasa a kan gwiwa, amma ban saki ba. Ya juyo da ido jajir, sai ya ga ni ce.

"Gwaggo, sake ni."

"Ba ni saki. Hannun ga da shi kake ci da gidanku. Tashi."

Ya tashi. Yana tashi mazan suka ga abin da ke ƙasa, dariyar ta mutu. Na ji yayana ya yi salati ya miƙe. Ɗana yana kwance dab da ƙafata, gefen zanena yana taɓa kafaɗarsa. Ban dube shi ba. Na ja ɗan yayana muka shige ciki.

Na zaunar da shi a kan turmi, na sa aka kawo ruwan ɗumi da gishiri. Ina wanke tsagar yana kuka ba sauti.

"Gwaggo, wallahi ban san sadda..."

"Ɗaga hannun sama, jinin shi tsaya."

Na yage gefen mayafina na fara naɗawa. Duk kunnena yana bayan zana. Ina jin takun mutane, ina jin ana cewa a kawo ruwa, a tallafo kansa, a kira mai babur. Muryar ɗana ce ban ji ba. Na naɗa, na warware, na sake naɗawa, ina roƙon Allah a zuci da duk addu'ar da na sani.

Can matar yayana ta shigo da buta a hannu, hannun rigarta duk jini. Ba ta kalle ni ba. Ta tsaya tana wanke hannu a bakin rariya, ta yi magana kamar da kaji take yi.

"Haƙori guda ya fita, leɓe sai an ɗinke. Ido lafiya lau. Ya tashi zaune, har yana cewa ba shi hawan babur da riga haka."

Na ƙulle bakin ƙyallen. Sai a lokacin na ga na ɗaure shi da ƙarfi har yatsun yaron sun fara kumbura, na kwance na sassauta masa.