Fas Ba Ci Ba Ne

Duk shekara idan sabuwar gyaɗa ta shigo, maƙwabciyata ta ɗora ta a wuta, ƙanshin ya tsallako katanga, sai raina ya ɓaci. Gyaɗar ba ta yi mini komai ba. Kawai dai a cikin irin wannan ƙanshin aka karanta sakamakon jarrabawata, aka yi mini barka a kan abin da ya kamata a yi mini jaje.

Ƙauyenmu yana wajen Makoda, gona jingine da gona. Da damina ba mai sa takalmi, don haka ƙaya ba ta ƙarewa, kuma ni ce mai cire ta. Kakata ce ta gano hannuna ba ya rawa. Ta ba ni allurarta, ta koya mini in gasa bakinta a wuta tukuna. Sai ka ga dattijo da gemunsa ya zauna a zaure, ya miƙo wa 'yar mitsitsiyar yarinya tafin ƙafa mai kaushi kamar ɓawon itace, yana cije baki. Daga nan kakata ta yanke hukunci cewa likita zan zama. Baba bai yi musu ba, don ba a musu da ita.

Turanci kuwa, bari in gaya maka yadda muka koye shi. A firamare malami zai rubuta jimla a allo, ya rera, mu rera, muna kaɗa kai. Na haddace littafi sukutum ban san abin da ya ce ba. A sakandare mun yi shekara biyu cur babu malamin Turanci. Malamin labarin ƙasa ke leƙowa in ya sami sarari, shi ma rabin darasin da Hausa yake yi. Kimiyya da lissafi kam na sha su kamar kunu. Su ba su damu da yadda na jera kalma ba.

Akwai wani tsohon hedimasta a ƙauyenmu, shi ake kai wa duk takardar da ta zo da boko. Ranar da na karɓo sakamakon jarrabawar kammala sakandare, ana tsakiyar cirar gyaɗa, Baba ya tasa ni gaba sai zaurensa. Ya sa tabarau, ya bi layi-layi da yatsa. Kowane darasi kiredit, sai Turanci kaɗai, a gabansa an rubuta fas. Ni kuwa na taɓa jin zancen fas a bakin 'yan ajinmu. Na ce a hankali, "Malam, an ce likitanci sai da kiredit a Turanci."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Fas ai ci ne, 'yata. Ɗan kimiyya ina ruwansa da Turanci? A zamaninmu da fas mutane suka shiga."

Baba ya harare ni, wai na sa baki a maganar manya. Na ja bakina na yi shiru. Wallahi har yau wannan shirun nawa ya fi ba ni haushi a kan maganar Malam.

Aka yanka zakara. Inna ta dafa gyaɗa tukunya guda ta raba wa maƙwabta, mata suna shigowa suna sa mini albarka. A daidai kwanakin nan ake rajistar jarrabawar gyara. Muna cin gyaɗa aka rufe ta.

Makina na jarrabawar shiga jami'a ya kai, aka kira ni Kano tantancewa. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, muka hau babur zuwa bakin titi, muka shiga bas. Bayan dogon layi muka isa gaban wani ma'aikaci. Ya bi takardata da biro, ya tsaya a wuri ɗaya.

"Ina kiredit ɗinki na Turanci?"

Baba, Allah sarki, kiredit ɗin da ya sani na waya ne. Ya sa hannu a aljihu ya ce, "Na nawa za a sayo?"

Na bayanmu suka tuntsire da dariya. Ma'aikacin dai bai yi dariya ba, in faɗi gaskiya. Ya sassauta murya ya ce, "Baba, daraja ce ta ci. Fas ba ci ba ne a nan."

Baba ya daɗe yana kallon takardar da ba ya iya karantawa. Sannan ya ce, "To in ba ci ba ne, don me suka rubuta fas?"

Ni kaina da na yi shekaru ina juya tambayar, ban sami amsar da za ta gamsar da manomi ba.

Da shekara ta zagayo na sake Turancin, na sami kiredit. Aka ce mini a wurin likitanci sai sakamakon zama ɗaya, ba a haɗa biyu. Na sake zama duka darussan, Turanci ya tsaya, kimiyyar haɗe-haɗe ta zame. Na gaji. Na tafi makarantar kiwon lafiya, ba don ita nake so ba.

Yaran yanzu sun fi mu sa'a, suna duba sharuɗɗan shiga a waya, ba sai an je zauren kowa ba. Amma na tambayi ƙanwata da ke sakandaren da na yi, ta ce zangon nan ma babu malamin Turanci. Ka ji fa.

Ina aiki a ƙaramin asibiti yanzu. An kawo mana likita mai bautar ƙasa, yaron kirki, amma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da kalma goma ba. Kwanan baya wata tsohuwa ta shigo ta ce zuciyarta ke tashi. Ya tsinci kalmar zuciya, ya kama rubuta a tura ta Kano gwaji. Na ce masa da Turanci, amai take ji, kuma tun jiya take shan ruwan rafi a gona. Ya soke abin da ya rubuta, ya yi mini godiya. Sai ya ce Turancina yana da kyau ƙwarai, me ya hana ni karanta likitanci?

Na dube shi. Na buɗe baki, na ga labarin ya fi ƙarfin layin da ke jira a waje. Na leƙa ƙofa na kira mai bi mata.