Itacen Aron Hajara Mai Banda

Ranar da baƙin suka zo Tungar Gawo, gari ya waye da zafi mai nauyi, irin na ƙarshen damina. Iska ta ɗauke ɗif. Ruwan tafki ya kwanta kamar an zuba mai a faranti, can gabas kuma gajimare ya taru ya yi shiru. Ina cikin rumfata a bakin ruwa ina toshe wa wani jirgi ɓaraka, don gyaran jirgin ruwa ne sana'ata tun ina da ƙarfi. Na ɗaga kai na ce a raina, yau kam kafin rana ta faɗi za a sha ruwa.

Labarin na Hajara ne, matar ƙanena marigayi Bilyaminu, kuma sai na ɗan koma baya kafin mu dawo kan wannan rana.

An haifi Hajara bayan an tashi iyayenta daga tsibirinsu, lokacin da aka datse Kwara a Kainji ruwa ya hau. A gindin murhun banda ta girma, wurin innarta. A wancan zamani itace ba abin magana ba ne. Itatuwan da ruwa ya cinye suna nan tsaye a cikin tafki sun bushe, mutum ya tura jirgi ya saro iya abin da zai ɗauka. Da ta auri Bilyaminu sai abin ya yi daidai, shi ya kamo, ita ta banda. Da Allah ya yi masa rasuwa ba ta koma gidansu ba. Ta riƙa sayen kifi a hannun masunta, da bandar nan ta raini 'ya'yanta har ta aurar da su. A kasuwar Yelwa fatake sun san tarwaɗarta, ba sa ma juya ta su duba. Mace ce mai dariya, in tana yi daga tsallaken ruwa ake ji.

To, sannu a hankali itace ya ƙare. Na cikin ruwa ya ƙare, na tudu aka bi shi da gatari har ya yi nisa. Damina kuma ta sauya hali, wata shekara ta makara, wata shekara ta zo da ambaliya ta kwashe shinkafa. Masu banda suka fara ajiye sana'a, suna sayar da ɗanyen kifi yadda mai saye ya ga dama, don ɗanyen kifi ba ya jiran ciniki. Hajara ba ta ajiye ba. Ta koma kwaso ɓuntun shinkafa daga injin casa na Wara, tana banda da shi a bayan zana, inda ba mai gani. A wurin matan banda, tarin itace a ƙofar gida shi ne mutunci, kamar jeren kwanoni a ɗakin amarya. Wadda aka gani da ɓuntu, an ce ta karye ke nan.

Ana haka sai saƙo ya iso wa maigari. Wata ƙungiya ce mai asusun tallafa wa waɗanda sauyin yanayi ya taɓa. Tallafin ba na gari ɗaya ba ne, sai garuruwan bakin Kwara sun haɗu, daga Gaya ta Nijar, da Malanbil ta Benin, har nan ƙasar Yawuri, kowa ya koya wa ɗan'uwansa abin da ya sani. Za a gina wa mata sabon murhu mai cin itace kaɗan, a kuma dasa itatuwa. Amma gurbin kaɗan ne, sai garin da aka ga yana cikin matsi. Jami'insu zai zo da matan banda daga Gaya su gani da idonsu.

Hajara ce shugabar matan banda a Tungarmu. Ta san in wannan murhu ya wuce su, ita ma ba za ta daɗe ba za ta ajiye. Duk da haka, abin da ya tsaya mata a rai daban ne. Ta zo rumfata ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Yaya, ka ji wai matan Nijar za su zo?"

Na ce na ji.

"Su zo su iske mu da ɓuntu? Su koma gida su ce matan Yawuri da shara suke banda? Wallahi ba da ni ba."

Na ce, "Ai matsi anka ce za a duba, Hajara."

"Matsi daban, tsiraici daban. Wa zai ba raggo tallafi? Su ga mu masu sana'a ne tukuna."

Na koma kan jirgin da nake gyara. Wanda ya san Hajara ya san in ta riƙe ƙugu magana ta ƙare.

Mu nan, in za a yi biki, ana aron tabarmi da tukwane. To, haka suka yi da itace. Matan suka shiga jirage suka bi tungayen maƙwabta, gida gida, wannan ta ba da dami ɗaya, waccan biyu, da sharaɗin ba za a ƙona ba sai abin da ya zama dole, kuma washegari da safe, baƙi sun tafi, kowa ta zo ta ɗauki nata. Mafi yawa daga hannun Gwaggo Zulai ya fito, wata tsohuwa a tsibirin da ke kallon mu, wadda ta daɗe tana tara itace kamar mai tara zinariya. Aka jera shi a bakin ruwa, ya yi tudu har ya kare mini iska. Buhunan ɓuntu kuwa aka tura su ɗakin awaki aka rufe.

Da hantsi jirgin inji ya iso daga Yelwa. Jami'in sunansa Benjamin, mutumin Zuru, dogo mai fara'a, Hausa a bakinsa kamar tamu. Shugabar matan Gaya kuma Yasira, gajeruwa, mai zanen atamfa da idanu masu lura. Aka yi guɗa, aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo tuwon shinkafa da miyar giwan ruwa. Hajara ta hura wuta da manyan itatuwa, harshenta na tashi, ta jera tarwaɗa da gargaza a kan waya. Ranar ta yi banda irin ta innarta, har ni ma sai da na tuna da.

Benjamin ya zagaya tudun itacen nan, ya dafa shi, ya girgiza kai.

"Inna Hajara, ku kam Allah ya rufa muku asiri. Na zaga garuruwa da dama, ban ga inda ke da itace haka ba."

"Alhamdu lillahi," in ji ta, tana murmushi.

"Gaskiya zan faɗa miki, kada in ɓata miki lokaci. Akwai garuruwan da matansu sun rasa ko na dafa tuwo. In na ba ku gurbi na hana su, ban yi adalci ba. Ku yi haƙuri wannan karon."

Murmushin bai bar fuskarta ba, amma na ga hannunta ya tsaya cak a kan kifin da take juyawa. Matanmu suka dubi ƙasa. Ba wadda za ta iya buɗe baki a gaban baƙi ta ce itacen aro ne. Maigari ya yi tari, ya gyara rawani.

Da la'asar baƙi suka yi sallama suka nufi jirgi. A nan hadarin ya taso. Iska ta daki tafki, igiyar ruwa ta fara tsalle, mai jirgi ya ce ko an ba shi sarautar Yawuri ba zai tayar da inji ba. Dole aka kwana. Benjamin a zauren maigari, Yasira da matanta a gidan Hajara.

Da gari ya waye, sama ta wanke tas. Baƙi na zaune a bakin ruwa suna shan kunu, ana jiran mai jirgi ya kwashe ruwan da ya cika masa jirgi. Sai ga Gwaggo Zulai ta doso, tana tuƙi da kanta. Ba ta ko dubi tabarma ba, don idonta ya yi rauni, ta nufi tudun itace.

"Hajara! Ke Hajara! Kin bar mini icce ruwa ya dake shi? Haka munka yi da ke?"

Hajara ta taso da sauri tana yi mata alama da hannu. "Gwaggo, ina kwana. Zo mu shiga ciki ki sha kunu."

"Kunun mi? Ni iccena niz zo ɗauka. Duk mai ɗaurin kaba nawa ne, na sani ko a cikin duhu. Baƙin naki sun ga arziki sun tafi, to a ba mai kaya kayanta."

Kafin a rufe bakinta, jirage sun fara isowa ta ko'ina. Wannan ta ce nata mai ɗaurin tsumma, waccan ta ce nata mai igiyar tsohuwar komar kamun kifi. Har gardama ta tashi a kan wani dami da ɗaurinsa ya kwance. Tudun nan ya riƙa raguwa a gaban baƙi, har iska ta dawo rumfata. Benjamin ya riƙe ludayi a sama ya manta da baki.

Gwaggo Zulai ta gama lodi, ta juyo, sai a lokacin ta ga mutane a kan tabarma. Ta ƙanƙance ido.

"Su wa ke nan?"

Wata ta ce, "Baƙin ne, Gwaggo."

"Af! To, sannunku da zuwa. Ku yi kamar ba ku gani ba." Ta tura jirginta ta tafi.

Hajara na tsaye a inda tudun yake, ba abin da ya rage sai ɓawo da laka. Ga kuma kifin jiya a kan waya, wuta ɗaya ya sha, danshin ruwan sama ya shige shi. In bai ga wuta ta biyu ba kafin rana ta take, ya lalace. Ta dubi kifin, ta dubi baƙi. Sannan ta gyara ɗaurin zani ta nufi ɗakin awaki, ta jawo buhun ɓuntu a ƙasa, ƙiiii, har gaban kowa.

"Malam Benjamin, ga iccen Tungar Gawo na gaskiya. Wancan na biki ne."

Yasira ce ta fara fashewa da dariya, har ta riƙe ciki.

"Ƙawata, ashe duk uwa ɗaya ta haife mu! Ranar da wanga bawan Allah ya zo Gaya, mu tarun kamun kifi na aro munka shanya tun daga bakin ruwa har kasuwa. Sai da mai tarun ya biyo mu yana zagi."

Benjamin ya ajiye ludayi ya ce, "Wato ni ne baƙon da kowa ke yi wa ado. To ku gaya mini, in zo neman mai ciwo, kowa ya sha kwalli, wa zan ba magani?"

Hajara ta ce, "Ai ka iske mu ba kwalli yanzu."

Aka yi ta dariya, har maigari.

Ita kuwa ta ci gaba da aikinta. Ta kawo rabin durom mai ƙofa a gindi, ta tsayar da taɓarya a tsakiya, ta zuba ɓuntu kewaye da ita tana dannawa da ƙafa har ya taru. Ta zare taɓaryar a hankali, rami ya fito. Ta jefa garwashi a ƙasan ramin, ta yayyafa ruwa a sama. Ba harshen wuta, sai hayaƙi fari mai tashi a natse. Ta ɗora kifin.

Dariyar Yasira ta tsaya. Ta tsuguna ta leƙa ramin, ta sa hannu ta ji zafin, ta kira matanta da yarensu. Ta ce a Gaya da Malanbil ɓuntu tsibi tsibi yake a bayan injinan casa, wuta ake sa masa don a rabu da shi. Ta sa Hajara ta sake dannawa tun daga farko, ita ma ta cire takalmi ta gwada. Nata ya rushe da ta zare taɓarya, aka yi mata tsiya, ta sake. Mai jirgi ya yi ta kira, ba wadda ta kula shi sai da kifin ya yi ja kamar an shafa masa man ja, kowa ya ɗanɗana.

Kafin su tashi Benjamin ya shiga gidajen matan ɗaya bayan ɗaya, wannan karon ba mai rufe masa ƙofa. Ya ga murahun da aka daina hurawa, kaji na kwana a ciki. Ya fito ya gaya wa maigari cewa Tungar Gawo ta samu gurbi.

Da kaka Hajara ta tafi Gaya, karo na farko da ta ƙetare iyaka. A can ta koyi ginin murhun Yasira, na laka, mai faifan waya hawa hawa, wuta ɗaya ta gasa abin da da sai an hura sau da yawa. Su biyu suka yi ta gwaji har suka gano yadda za a sa durom ɗin ɓuntu a cikinsa. Matan Malanbil suka ƙara nasu, wato yadda ake shanya kifi a kan gado mai tsawo kafin ya ga hayaƙi. Suka kuma yi doka a tsakaninsu, duk garin da za a ziyarta, ba aro, ko na tsintsiya. Gwaggo Zulai ta ce wannan doka don ita aka yi, kuma ta fi kowa murna.

Hajara tana nan Tungar Gawo, a gidan Bilyaminu. Gwiwa ta fara damunta, surukarta ce ke danna mata ɓuntu yanzu, ita tana juya kifi. Itatuwan da aka dasa a bayan gari sun kai kafaɗar mutum. A makon nan ba ta gida, tana Shanga ita da Yasira, suna gina wa matan can murhu.