Shanyar Jirgin Baba Mai Fito

Baba Mai Fito ne ya fara ganinta, kuma ganin bai ƙara masa komai ba. Wata safiya, shekarun baya, ya hango wata ciyawa tana yawo a bakin mashigi, ganyenta na sheƙi, furenta shuɗi kamar na ado. Tun yana yaro yake tuƙa jirgi a kogin nan bai taɓa ganin irinta ba. Ya ciro guda ya jefa a bokiti ya kai ofishin gona, don an sha faɗa a rediyo cewa duk wanda ya ga baƙuwar ciyawa ya kai rahoto.

Malamar gona ta yi nata. Ta zo da kanta, ta tara unguwa, aka shiga ruwa da adduna da manjagara, aka yi wuni ana janyowa. Da yamma kowa ya gaji, aka bar tsibin a bakin gaɓa da niyyar a ƙone idan ya bushe. Ruwan sama ya riga su, ya mayar da komai kogi. Karo na biyu rabin mutanen ne suka fito. Karo na uku daga Baba sai malamar.

Baƙuwa aka sa mata, sunan ya zauna, ita ma ta zauna. Ta shimfiɗe daga gaɓa zuwa gaɓa, har kaza ta kan taka ta yi nisa. Kullum da safe Baba ya kan sare wa jirginsa hanya, kafin azahar ta haɗe. Fasinjoji suka koma zagayawa ta gada a kan babur. Hannuwansa suka yi kanta, ƙafafunsa kullum cikin ƙaiƙayi.

Ana haka mijin 'yarsa ya zo da magana. Akwai wani tafki a bayan tudu inda yake zaune, ruwansa fes, mata 'yan kasuwa na neman mai tsallakar da su.

"Baba, gobe akwai motar da za ta koma ba kaya. A ɗora jirgin kawai, jibi ka fara aiki."

Baba ya ce ba dai gobe ba. Malamar gona ta sha gaya wa masu jirage cewa duk jirgin da zai bar kogin sai an kankare shi, an kife shi a rana ya bushe ƙarau, don irin ciyawar yana maƙalewa a tsagar katako. Jirgin Baba kuwa tsoho ne, ruwa ne ke riƙe da shi. Katakon da ya yi shekara da shekaru a jiƙe, in ya sha rana buɗewa yake yi. Ba shi da wani jirgin, ba shi da ƙarfin sake wani.

Da surukin ya fita, matarsa ta ajiye tsintsiya.

"Malam, kai kaɗai aka yi wa rediyon nan? Ka kai rahoto, me aka ba ka? Ko sabulu."

"An gode mini."

"To dafa godiyar mu ci. Wa zai leƙa gindin jirginka a bayan mota?"

"Ba wanda zai leƙa. Amma in ta fito a tafkin, wa zai sare ta? Ni ne dai. Ba ni da hannun sare ruwa biyu, tsohuwa."

"Tsohuwa ce ta haife ka," ta ce, ta ɗauki tsintsiyarta.

Motar ta tafi ba shi. Ya roƙi maƙwabta suka janyo jirgin kan tudu suka kife. Ya bi kowace tsaga da wuƙa, yana fito da laka da saiwoyi sirara kamar gashi, ya tara ya ƙone. Sannan ya zauna a inuwa yana jin katako na ƙara a rana, ƙas, ƙas. Matarsa ta kan kawo masa abinci ta ajiye, ta tsaya ta kalli jirgin, ta koma.

Da aka juya shi, ana hango ƙasa ta gindinsa a wuri uku. Kafinta ya duba ya ce a sayar wa mai itace. Baba ya cusa tsumma ya bi da kwalta, ya sake bi.

Yanzu yana tafkin. Jirgin da ke ɗaukar mutum goma da kayansu ya koma ɗaukar uku, su ma sai wata ta riƙe kwano tana kwarfe ruwa. Rannan wata mai tumatir ta ce, "Baba, wannan jirgi ne ko rariya? Zanina ya jiƙe!"

"Ɗaga ƙafarki, 'yata," ya ce. "Mun kusa."