Shekarar da Kududdufinmu Ya Yi Shuɗi

Gidanmu na Wurno yana can gangare ne, gab da ganuwa ta wajen fadama, inda duk ruwan da ya sauka bisa tudun garin yake biyowa. Bayan katangarmu akwai kududdufi. Ba tabki ne na asali ba. Lokacin da anka kafa unguwar, nan magina sunka riƙa ɗibar ƙasar tubali har wurin ya zama rami mai faɗi. Da damina ruwan indararo da na rariyoyin gidaje sai ya haɗu a kwararo guda, ya gangaro ya zuba ciki. In ya cika ya batse, sai ya bi wata 'yar magudana ya fita ta ƙarƙashin ganuwa zuwa gonakin shinkafa. Zamanin nan Sarkin Musulmi yana zaune cikin garin, Nasara ba su zo ba tukuna.

Da na fara wayo, kududdufin juji ne kawai mai ruwa. Toka, ƙaiƙayi, fasassun tukwane, tsofaffin tabarmi, duk nan ake watsarwa. Kainuwa ta rufe fuskarsa ruf, har akuya ta taɓa ɗauka ciyawa ce ta taka ta nutse zuwa wuya. Ba wanda ke kallonsa sai mai zubar da shara.

Ina cikin famfarar haƙora anka kawo kakata ta wajen uba ta zauna da mu, bayan rasuwar mijinta. 'Yar masunta ce daga Rabah, an haife ta bakin gulbi, ta yi aure bakin gulbi, ta tsufa can. Ƙanƙanuwar mace ce baƙa, tafin ƙafarta faffaɗa. Kwanakin farko ba ta cin abinci sosai. Sai ta zauna ƙofar ɗakinta tana ɗaga hanci sama kamar mai jiran a kira ta. Wata safiya ta kama hannuna ta ce in kai ta inda warin laka ke fitowa. Na kai ta bayan katangarmu.

Ta daɗe tsaye tana kallo. Daga nan ta ɗaure zanenta sama da gwiwa, ta tsinci wani reshe mai ƙugiya, ta shiga ta fara janyo kainuwa zuwa gefe.

Babana ya ji labari ya fito da sauri. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in akwai wanda zai ɗauka ya kai.

Ya ce, "Inna, mi kika biɗa cikin ƙazantar ga? Mutane na kallo."

Ba ta dube shi ba. Ni ta duba, ta ce, "Ke, gaya ma babanki ruwa nika biɗa. Yana nan ƙasa, huska ɗai anka rufe mai."

Babana ya yi tsaye yana kallon ta. Ƙarshe sai ya ce mini in riƙa bin ta kullum, kada ta zame ba kowa kusa. Ta haka na zama abokiyar aikinta.

Mukan fita in an gama sallar asuba, gari ya yi haske. Ita tana cikin ruwa tana janyowa, ni ina bakin gaɓa da kwando ina kwashewa ina kaiwa nesa. Ba ta kwashe kainuwar duka ba, ta bar wani yanki ta wajen gabas, ta ce kifi na son inuwa. Na ce ai babu kifi. Ta ce za a yi. Fasassun tukwane kuma ta jera su a bakin kwararo, inda ruwa ke zubowa da ƙarfi, don kada ya ci gaɓa. Ta sa babana ya saro mata tushen ciyawar jema daga fadama, munka bi gefe muna dasawa, ta ce saiwarsa na riƙe ƙasa. Matan unguwa da farko dariya suke yi ta bisa katanga. Da sunka ga tsohuwa na tsintar sharar da sunka zubar jiya da hannunta, sai kunya ta kama su, ɗaya bayan ɗaya sunka mai da jujinsu wani wuri.

Da ruwan ya kwanta ya yi garau, wani ɗan ɗan'uwanta mai sana'ar su ya zo gaishe ta daga Rabah, ta aike shi. Ya dawo da tulu cike da 'yan tarwaɗa da karfasa ƙanana kamar yatsa, da saiwar bado a naɗe cikin ɗanyen ganye. Ni ta ba tulun na karkata. Ina jin su suna gogar yatsuna suna wucewa.

Wannan lokacin nake yawan tunawa, kuma ban iya raba abin da na gani da ido da abin da na gani cikin gyangyaɗi ba. In mun gama aiki mukan zauna ƙarƙashin wata giyayya da ta tsiro a gaɓa. Bado ya buɗe fari fat, balbelu sun jeru a gefe, kowace da ta biyunta a ƙasa tana kallon ta. In na kwanta rub da ciki na leƙa, sai in ga unguwarmu duka cikin ruwa, kai ƙasa: katangarmu, rumbun maƙwabta, hayaƙin girki yana nutsewa maimakon ya tashi. Nakan yi ta jira in ga ko yarinyar da ke ciki za ta riga ni ƙiftawa. Kaka kuwa tana jingine da itace, ƙafafunta cikin ruwa, idonta rabi a rufe, tana magana a hankali, ba lalle da ni ba. Takan faɗi yadda gulbi ke cika ya haɗe gonaki har mutum ya bi ta kan shinkafa da jirgi, kanun shinkafar na shafar katako suna shuu. Takan faɗi sunayen kifaye kamar mai lissafa dangi. Wani lokaci ta tsaya tsakiyar magana, in duba in ga ta yi barci, 'yan kifi na tsattsagar diddigenta.

Damina ta zagayo, kifayen sun kai tafin hannu, sai wani marini ya tare a saman kwararonmu, ya haƙa rijiyoyin rininsa. Mutum ne dogo mai fara'a, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu. Baƙo ne, daga wajen Goronyo ya zo, bai san inda ruwan unguwa ke ƙarewa ba. Da ruwan shunin baba na wata rijiya tasa ya mutu, ya daina kama zane, sai ya kwashe shi duka da tokarsa ya zubar a kwararo. Ranar da yamma anka yi ruwa mai ƙarfi.

Da safe munka fito, na ɗauka sama ce ta faɗo cikin ramin. Kududdufin ya yi shuɗi daga gaɓa zuwa gaɓa, shuɗi mai duhu irin na rawanin manya, wani kumfa mai ƙyalli na yawo a kai. Bado fari na zaune bisa shi. Balbelu sun shiga sun fito da ƙafafu rinannu. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba, har na tafa hannu. Sai na ga fararen abubuwa na yawo birjik. Farin cikkunan kifayenmu ne, duk sun mutu sun juya.

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta shiga ta tsince su ɗaya ɗaya cikin ƙwarya, ta ɗora mini a kai, munka bi shuɗin sawun ruwan muna hawa kwararo har ƙofar marina. Marinin na tsaye yana motsa rijiya da doguwar sanda. Ya ga tsohuwa, ya aje sandar ya durƙusa.

"Ina kwana, Inna? Lahiya da sassahe?"

Ta sauke ƙwaryar daga kaina ta aje gabansa. Ta ce, "Ɗana, ga aikinka na kawo maka. Ka rina su, amma ba su iya sawa."

Ya dubi kifin, ya dubi zanenta da ya jiƙe shuɗi har ƙugu, ya dubi kwararo. Na ga fuskarsa ta sake. Ya ce, "Wallahi Inna ban sani ba. Ni cewa nika yi hwadama ruwan ga ka tahiya."

Ta ce, "Yana tahiya, amma sai ya kwana wurina."

Ya ce, "Mi za ni yi yanzu?"

Ta ce, "Yanzu babu. Bari rani."

Sauran daminar nan ba mu zauna ƙarƙashin giyayya ba. Bado ya ruɓe, kwaɗi sunka yi shiru, wari ya dawo. Kaka ta koma zaman ƙofar ɗaki. Marinin ya haƙa rami a bayan gidansa inda zai riƙa zuba mataccen ruwansa, kuma duk ranar kasuwa sai ya aiko mata da ɗan busasshen kifi. Takan karɓa ta ba mahaifiyata ta sa a miya, ita ba ta ci.

Da rani ya yi tsanani fiye da na bara, kududdufin ya ƙafe, laka ta tsattsage. Marinin da babana sunka tafi wurin mai unguwa, anka kira gayya. Ban taɓa ganin unguwarmu ta fito haka ba. Maza da kalme da dagi cikin rami, samari na miƙa kwanduna hannu da hannu, mai ganga na bisa gaɓa, mata na aiko da fura daga gidaje. Kaka na zaune a inuwa kan turmi tana nuni da sandarta: nan a zurfafa, can a bar tudu, magudanar ƙarƙashin ganuwa a fid da ƙaiƙayin da ya toshe ta. Ta kuma sa anka haƙa wani ɗan rami a bakin kwararo, kafin babban, ta ce ruwa ya fara sauka nan ya aje dattinsa, sannan ya wuce. Marinin ya ce wannan ƙaramin nasa ne, shi da 'ya'yansa za su riƙa yashe shi.

Lakar da anka fitar, ta sama shuɗiya ce, ta ƙasa baƙa. Baƙar manoma sunka kwashe a jakuna zuwa gonakin albasa. Shuɗiyar kuwa ba wanda ya so ta a gona, sai anka cuɗa ta da ciyawa anka yi yaɓen katangu. Shekarar nan in rana ta yi gora, gab da faɗuwa, ta haska unguwarmu, sai ka ga gidajen sun yi wani dishi-dishin shuɗi kamar ana hango su daga nesa.

Wajen la'asar ranar gayyar, marinin ya ɗaga wani curin laka daga wuri mafi zurfi, curin ya fashe a hannunsa, ya yi ihu ya yar. Abu ne a naɗe ciki, dogo, mai santsi. Mutane sunka ja baya ana cewa maciji. Kaka ta sauko daga turmi da saurin da ban san tana da shi ba, ta durƙusa ta ɗauka da hannu biyu. Gaiwa ce, kifin nan da ke shiga laka ya yi barci har ruwa ya dawo. Ba mu muka sa ta ba, Allah kaɗai ya san tun yaushe take nan. Ta motsa wutsiya a hankali.

Kaka ta yi dariya har hawaye. Ta ce, "Ashe da mai gida ciki, mu duka baƙi na!"

Wani ya ce a gasa. Ta ce sam. Ta sa anka kwaɓa laka mai laushi, ta mai da ita ciki, ta binne a gindin ramin da hannunta.

Shamuwa ta dawo, ruwa ya sauka, kududdufin ya cika fiye da yadda ya taɓa yi. Ɗan ɗan'uwan nata ya sake zuwa da tulun 'yan kifi, wannan karon kuma ya zo ɗauke da gorar su, irin babbar nan da masunta ke kwanciya a kai su bi ruwa. Hanyarsa ce ta biyo, zai wuce wurin kamun kifi a wani tabki, ya jingine ta a zaure ya kwana. Da safe anka nemi gora anka rasa.

Na san inda zan duba. Na ishe Kaka tsakiyar ruwa, kwance rub da ciki bisa gorar, ta ɗaure zane tam a ƙirji, tana tuƙi da hannuwa a hankali. Hazon safiya bai gama tashi ba, sai ya zama kamar ba bisa komai take ba. Ta ratsa ta gefen kainuwa, ta kewaya, ta tsaya cak tana kallon ƙasa. Mata sun leƙo ta bisa katangu. Babana ya zo ya tsaya bayana, ya buɗe baki zai kira ta, ya fasa.

Can ta juyo ta iso gaɓa, ta zame ta sauka, ta ce mini, "Taho ki hau. Sa cibiyarki bisa bakin, ki saki jikinki."

Na hau. Gorar ta mirgine nan take, na sha ruwa na taso ina tari, laka har cikin kunne. Ta riƙe mini ita na sake hawa, na sake faɗawa. Ban san sau nawa ba. Daga baya dai na ji ta zauna ƙarƙashina, ƙafafuna sun bar ƙasa, gaɓa na ja da baya da kanta. Ban yi nisa ba tsoro ya kama ni, na yi ta kiran Kaka, ita kuwa tana tsaye cikin ruwa zuwa ƙugu tana cewa in yi ta tafiya, ba inda zan ɓace.

Mun koma gida muna kyarma mu biyu. Mahaifiyata ta yi ta faɗa ƙasa-ƙasa, ta hura wuta, ta dama mana kunun tsamiya mai zafi. Kaka ta yi mura ta kwana biyu, ni ko atishawa ban yi ba. Mai gorar kuwa ya makara, ya ishe an gama su a tabkin, ya dawo ta gidanmu da yamma hannu wofi, ya ci tuwo ya wuce Rabah.