Wuta Ya Kama Ɗakin Mama

Shekarun baya, lokacin da na samu na mallaki wani tsohon gida a Mararaba, babban burina shi ne mahaifiyata ta baro ƙauye ta dawo wurina. Sai da na sha lallashi kafin ta yarda, kuma da sharaɗi ta zo, wai za ta gwada zama ta gani.

Gidan kuwa wayarin ɗinsa ya girme ni. Idan matata ta jona dutsen guga, fitilar falo sai ta fara lumshe ido kamar mai jin barci. Mu mun saba. Amma ran da soket ɗin ɗakin mahaifiyata ya yi tartsatsi tana zaune a kan darduma, magana ta ƙare. Ta ninke zannuwanta ta mayar cikin akwati, ta jingine shi a bakin ƙofa.

"Ni ban zo birni don in ƙone ba," in ji ta. "Ɗakin da bangonsa ke tofar da wuta, ba da ni ba. In wata ya mutu ba ka gyara ba, ka kai ni tasha."

Wanda ya san mahaifiyata ya san ba ta magana biyu. Hankalina ya tashi sosai.

Na kira wani ɗan kwangila, ya zo da takalmi mai ƙyalli, ya zagaya gidan yana girgiza kai. Da ya faɗi kuɗin aikin sai da na nemi kujera na zauna. Ma'aikacin gwamnati ne ni, albashina tun kafin ya iso an gama rabonsa.

Abokina da muke ofis ɗaya ne ya fitar da ni. Ya haɗa ni da wani mai wayarin, mutumin Bwari, mai fara'a, mai jin Hausa irin ta Abuja wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Muka zauna mu uku muka yanke shawara. Ba za a taɓa gidan duka a lokaci guda ba, ɗakin mahaifiyata da kicin za a fara. Wayar wutar kuma ni da mai wayarin za mu shiga kasuwa mu sayo mai kyau, don mun yarda cewa ko'ina za a iya tsimi ban da waya. Fasa bango da za a binne fayif ɗin da waya za ta bi, wanda shi ma yake cin kuɗin lebura, abokina ya ce a bar mana.

"Gayya za mu yi," ya ce. "Ai ba a gona kaɗai ake gayya ba."

Ranar Asabar sai ga abokan aikina, mutanen da abu mafi nauyi da suke ɗagawa a mako shi ne fayil, kowa da guduma a hannu. Mai wayarin ya zana mana layi da alli a bango, muka bi. Matata ta dafa shinkafa da wake da mai da yaji. Kafin la'asar tafin hannuna duk ya yi bororo, wani daga cikinmu kuma ya buga wa babban yatsansa guduma har sai da ya tuna sunan kakarsa. Mahaifiyata tana zaune a tsakar gida tana mana dariya, amma akwatin bai motsa daga bakin ƙofa ba.

Ranar Litinin mai wayarin ya kashe wutar gidan ya shiga aikinsa, ni kuma na tafi ofis. Gaskiya zuciyata ba ta kwanta ba. Tun ina yaro nake jin ana cewa araha ba ta ado, kuma ga shi arahar na bi a ɗakin uwata.

Bayan azahar waya ta yi ƙara. Muryar mai wayarin ce, yana magana da ƙarfi.

"Oga! Wuta ya kama! Wuta ya kama ɗakin Mama!"

Layin ya yanke.

Na bi kiran, ba a ɗauka ba. Na kira mahaifiyata, a kashe, don tun safe babu wutar caji. Matata tana makarantar da take koyarwa, wayarta tana cikin jaka. Ban san yadda na sauko daga benen ofis ba. Na ja mota ina salati, ina zagin kaina da rowata. A Nyanya gosulo ya riƙe ni. Na cusa motar a wani gidan mai, na fizgo 'yar tukunyar kashe gobara daga but ɗin motar, na haye acaɓa da babbar riga. Hulata ta faɗi a hanya, ko waiwaye ban yi ba.

Muna shiga layinmu na ɗaga kai ina neman hayaƙi. Babu. Mai shagon kusa da mu ma yana gyangyaɗi a kan benci. Na banka ƙofa na faɗa ɗakin da tukunya a hannu.

Mahaifiyata na tarar a kishingiɗe, fanka tana juyawa a samanta, sabuwar fitila ta haske ɗakin fes. Mai wayarin ya leƙo da kansa daga ramin silin, duk jikinsa yanar gizo.

"Oga, ka zo da wuri! Ka gani? Wuta ya kama, fanka ya kama, soket ma ya kama!"

Ashe albishir ya kira ya yi mini, katinsa ya ƙare, ya ajiye wayar ya hau silin.

Na zauna a ƙasa. Mahaifiyata ta dubi tukunyar, ta dubi kaina babu hula, ta gane abin da ya faru. Ta yi dariya har da hawaye. Ni ma hawayen nake, amma nawa daban ne.

"Yanzu kai da wannan 'yar abar za ka kashe gobara?" ta ce. Sai ta sassauta murya. "Allah ya yi maka albarka. Tashi ka jawo mini akwatin can, zannuwana sun gaji da ninki."

Sauran ɗakunan a hankali muka gyara su, ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da aljihu ya yi numfashi, kuma har yau ko tartsatsi ban sake gani ba. Na koyi cewa ana iya rage kuɗin aiki da guminka da na abokanka, a bar wa mai sana'a abin da yake nasa. Na kuma koyi tambayar mutumin Abuja wace wuta yake nufi kafin in hau acaɓa.

Mahaifiyata ba ta sake zancen tasha ba. Yanzu duk lokacin da aka kawo wuta, jikokinta sai su ruga ɗakinta suna ihun "Wuta ya kama!" Ita kuma ta ɗaga hannu sama ta ce, "Irin wannan wutar, Allah kada ka kashe mana ita."