Lahadin Baba Istifanus

Shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, agana ta ɓarke, aka hana taro. Mu Kirista a wannan yanki ba mu kai ashirin ba, a zauren wani tela a Gusau muke haɗuwa. Sai muka yi alkawari: kowace Lahadi da hantsi, in inuwar mutum ta yi daidai da tsawonsa, kowa ya tsaya inda yake, mu rera waƙa ɗaya. Ni kafinta ne a Tsafe, ina da keke, shi ya sa aka ɗora mini kai saƙon waƙar kowane wata.

Litinin, Tsafe zuwa Gusau

Na tashi ƙarfe biyar na asuba. Sau biyu ƙaya ta fasa mini taya, ban iso ba sai ƙarfe biyu. A bakin gari dogari ya ce, "Tuɓe riga in gani." Bai ga ƙurji ba, ya sake ni.

Malam Yakubu tela bai bar ni na shiga gidansa ba. Ya turo mini tuwon dawa daga bakin ƙofa, ya nuna mini rumfar da zan kwana. Ya ce Baba Istifanus, tsohon da ya koya mana waƙoƙin, ya kamu, an kai shi bukka bayan garin Bungudu, mako uku ba labari.

Talata, Bungudu

Mil goma sha uku ne, na isa da hantsi. Tun daga nesa na ji waƙa. Na tarar da shi tsaye a rana, ya rame ƙwarai, fuska duk tabo, yana kallon inuwarsa. Ya ɗaga mini hannu in dakata har ya kai ƙarshe.

"Bitrus, tafiya ran Lahadi? Mi ya same ka?"

Ya nuna mini igiyar da yake ƙullawa kowace safiya don lissafin kwanaki. Nan na gane, zazzaɓi ya cinye masa kwana biyu bai sani ba.

"Da na mutu," in ji shi. "Amma in na buɗe baki, na san kun buɗe naku. Shi yar riƙe ni."

Wata Bafulatana da ke ajiye masa fura a gindin ƙirya ta ja ni gefe. "Malam, na san Talata ta. Ban ga amfanin faɗa mashi ba."

Ni mutum ne mai son abu ya tafi bisa awo, ƙarya kuma ba ta yi mini daɗi. Na buɗe baki in gyara masa, na kasa. Na faɗa masa waƙar wata mai zuwa, na juya.

Komawa

A Gusau na kwashe labari na gaya wa Malam Yakubu.

"Ka faɗa mashi?"

"A'a."

Ya ce, "To, tunda munka yi alkawari, mu za mu bi Lahadin Baba. Sai ka sake zagaye ka gaya ma kowa."

Laraba da la'asar na iso Tsafe. Na gode wa Allah, na gode wa matar nan mai fura. Har aka ɗage dokar, kowace Talata da hantsi nakan ajiye zarto in fita rana in duba inuwata.