Zazzaɓin da Bai Kashe Jibo Ba

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a kasuwar Bakori ya san Hansai, in bai san sunanta ba ya san bakinta. Ita ce mai zama kusa da 'yan manja, wadda in ka yi wa kayanta tayin wulaƙanci za ta tambaye ka ko a gonar babanka aka noma gyaɗar. Ni abokin mahaifinta ne, a gabana aka raɗa mata suna, kuma na sha gaya wa marigayin cewa wannan 'ya tasa ba ta iya haɗiye magana ko da an haɗa mata da ruwa.

Ta auri Jibo, ɗan ƙauyenmu da ke tsakanin Bakori da Danja, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Mutane suka ce ba za a kai ko'ina ba, sai ga shi sun yi shekara goma sha huɗu, da 'ya'ya huɗu, biyu maza biyu mata. Da damina Jibo yana noman 'yar gonarsa. Da kaka kuma yana aiki a injin casar masara na wani Alhaji daga Funtua, shi ne mai zuba masara a bakin injin.

Injin nan yana da bel mai juyawa, da murfin ƙarfe a kansa. Da bel ɗin ya fara yawan zamewa sai aka cire murfin gaba ɗaya, wai kwancewa da ɗaurewa na cin lokaci. Jibo ya yi magana sau biyu, Hansai ce ma ta tura shi. Aka ce masa ya bari a gama kaka.

Wata Talata da hantsi, cikin watan Nuwamba, bel ɗin ya kama hannun rigarsa. Ba zan faɗi sauran ba. Shekara talatin ina wankan gawar maza a ƙauyenmu, ni na wanke Jibo, kuma na yi kwana uku tuwo bai wuce mini ba.

To, ga inda muka yi ɓarnar, mu dattawa masu furfura. Bayan mun ɗauko shi daga gindin injin, kafin wankan, mun taru a zaure, da yayan Jibo, Sulemanu, da mai unguwa. Wani ya ce a sanar da 'yan sanda. Wani ya ce in suka ji inji ne za su ɗauke gawar zuwa asibiti, a saka ta a firji, likita ya yanka, sai a yi mako ba a ba mu ba. Wa yake so ɗan'uwansa ya kwana a waje? Sulemanu ya share hawaye ya ce, "A ce zazzaɓi ne kawai." Ina wurin, kuma na gyaɗa kai. Kafin la'asar mun rufe shi, mai unguwa ya kai rahoton zazzaɓi. A ganinmu gata muka yi wa mamaci.

Ranar sadakar uku Alhajin ya zo da buhunan masara da goro. Ya yi kuka, ban kuma ce kukan ƙarya ba ne. Sulemanu ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Alhaji, mun yafe duniya da lahira. Kwana ne ya ƙare." Kowa ya sa masa albarka. Ba wanda ya leƙa cikin gida ya tambayi matar.

Hansai ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Ta aika aka kira ni, muka yi magana ta bayan zana.

"Baba, da bakin wa aka yafe?"

Na ce ta yi haƙuri.

Ta ce, "Haƙurin zan dafa wa yaran nan? Ko shi zan faɗa musu in sun tambaye ni abin da ya kashe ubansu?"

Na tashi na tafi da kunyata.

A cikin takabar ta ji a rediyo cewa akwai lauyoyi a Funtua da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Washegarin fitarta ta zo ƙofar gidana da mayafinta, ta ce in raka ta. Lokacin an shiga Maris. Leburorin da suka yi aiki tare da Jibo duk sun watse cin rani, injin kuma an sa masa sabon murfi har da fenti.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani shago. Lauyar sunanta Barista Fibi, 'yar Kafur, yarinya mai natsuwa. Ta bar Hansai ta zazzage duk abin da ke cikinta ba ta katse ta ba. Sannan ta ce, "Mama, yafewar yayan mijinki ba ta ɗaure ki ba. Diyya haƙƙin magada ce, ke da 'ya'yanki. Tunda akwai 'ya'ya maza, shi ba shi da abin da zai yafe." Hansai ta juyo ta dube ni. Ranar na fara ganin haƙoranta tun rasuwar.

Sai tambayoyi suka biyo baya. Akwai takardar likita? Babu. Rahoton 'yan sanda? Babu. Wani ya ɗauki hoto? Hansai ta ce wane marar imani ne zai ɗauki hoton gawa. To me aka rubuta a matsayin dalilin mutuwar? Ni na amsa, murya ƙasa-ƙasa. Barista ta ajiye alƙalaminta.

Na ce zan ba da shaida, ni na ga jikinsa. Ta ce, "Baba, ka ga rauni, amma ba ka ga yadda aka yi ba. Kuma kana zaune aka ce zazzaɓi. Lauyan Alhaji zai tambaye ka wace rana ka yi ƙarya, ran nan ko yau." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

Wata biyu muna neman leburori uku da suka ga abin da idonsu. Ɗaya yana Legas yana acaba, ya ce ba shi da halin zuwa. Ɗaya lambarsa ba ta shiga. Na ukun mun same shi a Danja yana ɗora tumatir a mota. Ya gaishe mu da ladabi, ya ce shi ɗinkin buhu yake yi a lokacin, bai ɗaga kai ba. Ban zarge shi ba, kaka mai zuwa a gindin injin nan zai ci abinci. Sulemanu kuwa ya ce shi ba zai lashe amansa a gaban mutane ba, ya daina gaisawa da ni.

Zuwanmu na ƙarshe damina ta faɗi. Hansai ta sayar da akuyarta saboda kuɗin mota, ƙuli-ƙulin ma ya ja baya don ba ta zama a kasuwa. Barista Fibi ta ce ta duba ta ko'ina, hanya ɗaya ta rage. A roƙi kotu ta ba da izini a tono kabarin, likita ya duba ƙasusuwan. Ko da haka ma, in ji ta, ba ta yi alkawarin nasara ba.

Hansai, matar da ba ta taɓa rasa abin faɗi ba, sai ta zauna tana kallon yatsun ƙafarta.

"A tono Jibo," ta faɗa a hankali. Can ta girgiza kai. "A'a, 'yar nan. Ya sha wahala sau ɗaya. Ku bar shi ya kwanta."

Barista ta ce to shi ke nan, ba ta da abin da za ta kai gaban alƙali. Idonta ya cika, ta rufe fayil ɗin.

Mun miƙe za mu fita sai Hansai ta dawo. Ta ce, "Roƙo ɗaya. Ki rubuta mini a takarda, da hatiminki, cewa inji ne ya kashe shi. Ba don kotu ba. In ajiye wa yarana."

Barista ta daɗe tana riƙe da alƙalami. Ta ce, "Mama, ban da ikon rubuta cewa haka aka yi. Sai dai in rubuta cewa haka kika ce."

Hansai ta ce ta rubuta hakan. Aka rubuta, aka buga hatimi, aka karanta mata daga farko: Malama Hansai ta ce mijinta Jibo, inji ne ya kashe shi. Ta karɓa da hannu biyu, ta ninke, ta ƙulle a bakin zaninta.

Muna sauka daga benen ta tsaya a tsakiyar matakala, ba ta juyo ba.

"Baba, ku goma sha kuka ɗauke shi daga gindin injin nan. Yau duk duniya ni kaɗai na ce, ni da ban gani ba."